Burtalin Masu Keke

A Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, inda kuma ya rasu aka rufe shi a 1837, an yi wata unguwa da hanya ta ratsa ta daga bakin kasuwa ta gangara fadama. Duk abin da fadamar Rima ta bayar, ta nan yake hawowa gari: shinkafa da kaka, albasa da tafarnuwa da rani, ciyawa da harawa kowane lokaci. Shekara da shekaru babura ne suka mallaki hanyar, kekuna kuwa an jingine su a zaure suna shan ƙura. Sai ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki. Kafin damina ta yi nisa, kowa ya tuna akwai tsohon Raleigh ko Phoenix na mahaifinsa a gida.

Wanda ya fi kowa shaida wannan shi ne wani tsoho da ke zama gindin darbejiya a tsakiyar gangaren, da famfonsa da kwanon ruwa na neman huji. Yara da manya Baba Mai Faci suke ce masa. Da can sai ya wuni bai taɓa tayar keke uku ba, yanzu ga shi har sallar Azahar sai ya roƙi a jira shi.

Da albasa ta fara fitowa, manyan motoci masu kai ta Kudu suka cika hanyar. Wata safiya wani yaro ya ɗauko abincin mahaifinsa a kariyar keke zai kai fadama. Wata motar kanta ta zo wucewa, ya kauce mata, babur ya taso ta gabansa, ya koma, gefen motar ya ɗebe shi. Allah ya kiyaye rai, amma ƙafa ta karye, aka ɗauke shi sai gidan mai ɗori. Kwana uku unguwa ba ta da wata magana sai wannan.

A unguwar akwai wani saurayi da ya karanta aikin hanya, yana aiki a Sakkwato, yana zuwa gida duk Juma'a. Tun bai gama karatu ba ake kiransa Injiniya. Da ya je duba yaron ya ga ƙafar a ɗaure da kara, bai yi barci ba a daren. Ya ɗauko takarda ya zana hanyar tun daga kasuwa har bakin fadama, ya ware wa keke nasa wuri a hannun gabas, faɗin mita ɗaya da 'yan kai, ya sa ɗan gini na bulo tsakaninsa da kwalta yadda mota ba za ta iya hawa ba. Zanen ya yi kyau ƙwarai, miƙe sak babu karkata. Ya kai wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, aka duba, aka ce in jama'a sun yarda kuma za su ɗauki nauyi, babu laifi.

Mai unguwa ya tara mutane a zaurensa bayan La'asar. Liman ya zo, wakilin Sarkin kasuwa ya zo, shugaban direbobi ya zo, da shugaban makarantar firamare, da wani Alhaji babban dillalin albasa. Injiniya ya baje takarda a kan tabarma ya yi bayani. Ya ce a ƙasar Holan, a 1971, mutum 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, har iyaye suka fito kan titi suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya, daga nan aka dage da ware wa keke hanyarsa, yau ga ta duniya na zuwa kallo. Ya ce ba sai an je Turai ba, a Wagadugu ma akwai manyan titunan da aka ware wa masu ƙafa biyu gefensu. Mutane suna ta gyaɗa kai, amma ana gani a fuska abin bai zauna ba. Sai liman ya duƙa ya bi layin da yatsa, ya ɗago ya ce, ashe burtali ne. Yadda kakanni suka bar wa shanu hanya tsakanin gonaki suka yi mata shinge, don kada dabba ta shiga shuka kuma kada manomi ya tare ta, haka yaron nan yake so a yi wa keke. Nan take zaure ya ɗauka, kowa ya ce madalla.

Alhaji ya ce ya ɗauki nauyin siminti buhu 80. Sharaɗinsa ɗaya ne: a gama kafin ƙaramar Sallah, lokacin da 'yan gari na nesa ke dawowa, a buɗe a gaban jama'a. Ya ƙara da cewa siminti kullum tashi yake yi, wanda ya yi jinkiri shi zai sha. Aka shafa fatiha aka watse.

Washegari Injiniya ya fito da tef ɗin awo da turaku, yara na biye da shi. Yana awo yana kafawa, har ya iso gindin darbejiya. Ya gaida tsoho, ya miƙa masa takardar don girmamawa. Baba Mai Faci ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, ya ce zane ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya mayar. Har saurayin ya juya, sai tsohon ya tambaye shi, jiya da aka yi taro, keke nawa aka jingine a ƙofar zauren mai unguwa. Injiniya ya tsaya ya tuna: mota biyu, babura da yawa. Keke ko ɗaya babu. Tsohon bai ƙara komai a kai ba. Ya ci gaba da goga tub da ɗan dutse, can ya ce, mahaifin yaron nan da ya karye albasarsa na zube a fadama, ba mai taya shi ɗaukowa. In ɗan nan zai taimaka, ga kekensa, gobe bayan Asuba ya je ya ɗauko masa buhu ɗaya.

Roƙo ne da ba a ƙi. Injiniya ya ce to.

Gangarawa ta yi daɗi. Iskar hunturu na kaɗawa, keke na gudu da kansa, shi kuwa yana bin layin turakunsa yana jin daɗin yadda suka miƙe. Abu ɗaya ya ɗan dame shi. Da ya wuce makaranta ya waiga, sai ya ga shi kaɗai ne a kan kwalta. Duk masu keken da suka taso tare sun karya ta wani lungu bayan makarantar. Bai gane dalili ba sai da tayarsa ta nutse cikin rairayin da iska ta tara a ƙarshen hanyar, ya sauka ya ja.

A fadama aka ɗora masa buhu a gicciye a kan kariya, aka ɗaure da igiyar roba. Ya hau, ya taka, ya yi 'yar tafiya a kwance. Da hawa ya fara, feda ta ƙi. Ya miƙe tsaye a kanta, kan keke ya nemi ɗagawa sama. Wani manomi da ke bayansa ya ce masa, Malam, sauka za ka yi, nan ba a hawa da kaya. Ya duba gaba, sai ya ga kowa a ƙasa yake, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a kan buhu, ana turawa.

A nan ne abin ya fara bayyana masa. Shi ya auna faɗin mutum a kan sirdi. Mai tura keke kuwa a gefe yake tafiya, ga jikinsa, ga keken, ga buhu ya fito dama da hagu. Ya gwada shiga tsakanin turakunsa. Kan buhu ya kaɗe turke na farko, ƙafarsa ta take na biyu. Da bulo ne a wurin, da albasar ta watse a ƙasa, ko shi ya koma kan kwalta tsakiyar motoci. Bai gama wannan tunani ba sai ga wani yaro ya gangaro da jarkoki huɗu rataye a keke, suka yi cirko-cirko, babu mai iya wuce wani. A bayansa mai jaki da mangala yana jira, yana cewa a ba shi hanya. Da ƙyar ya kai gindin darbejiya, gumi ya jiƙa masa riga, sai ya ga abin da jiya da rana bai gani ba: wata dattijuwa ta kafa murhu tana tuya ƙosai, 'yan mata sun jera ƙwaryar fura da kunu, 'yan kabu-kabu sun jera babura a inuwa. Turkensa ɗaya yana nan daf da kaskon tuya. An rataya masa matsami.

Baba Mai Faci ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, mi kag gani?"

Saurayin bai amsa ba. Ya roƙi ruwa ya sha, ya kai buhun inda aka ce, ya dawo da keke ya yi godiya.

Daren nan ya fi na farko tsawo. Ya baje takardar a gaban fitila. Ga hatimin sashen ayyuka a kanta. Ga fatihar da aka shafa. Birkila ya riga ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, motar siminti jibi za ta taso daga Sakkwato. Ba wanda ya ce zanen da laifi, ko tsohon ma cewa ya yi ya yi kyau. In ya yi shiru, kafin Sallah an gama, a shafa fenti, a kira manya, a ambaci sunansa da na mahaifinsa a lasifika. Daga baya in masu keke sun ƙi bi, cewa za a yi mutanenmu ba su son ci gaba, kuma da yawa za su yarda. Ya yi tunanin ya ɗan ƙara faɗin a ɓoye ba tare da ya gaya wa kowa ba. Amma ya ƙara nawa? Jiya ya tabbata ya san hanyar nan da aka haife shi a bakinta, safiya ɗaya ta nuna masa abu huɗu da bai sani ba. Wa ya san saura nawa? Bai taɓa ganin hanyar da idon mai jaki ba, bai san yadda take da dare ba, da damina kuwa a mota yake wuce ta. Ya tuna ministan sufuri na zamanin Obasanjo, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har mota ta ture shi cikin lambatu a Abuja. Niyya mai kyau ba ta hana shi faɗuwa ba. Sai kuma ƙafar yaron nan ta dawo masa a rai, ɗaure da kara. In aka zuba buhu 80 a wurin da ba za a bi ba, ba za a sake samun wani buhu 80 ba, yara kuma za su ci gaba da kutsawa tsakanin motoci, ga bulo a gefe yana kallonsu.

Ana kiran assalatu ya naɗe takardar.

Ya sami Alhaji a rumfarsa ana ɗinke buhuna. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo ne ya roƙi a dakatar da motar siminti. Ya faɗi abin da ya gani bai rage ba, ya ce zanen nasa ne, kuma ba zai yi aiki ba. Alhaji ya yi shiru, ransa bai so ba. Ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya, ya faɗa a gaban liman, ba zai janye ba. Sai dai kuɗin buhu 80 na yau ya ware, ba zai ƙara ko kwabo ba. In an kai bayan Sallah, abin da kuɗin ya saya shi ke nan. Ya tambayi saurayin ko ya san abin da mutane za su ce. Injiniya ya ce ya sani, ranka ya daɗe.

Sun kuwa faɗa. Aka ce boko ya ruɗa shi. Aka ce ya ci kuɗin. Wasu a majalisar shayi suka ce dama yaro ne, an ba shi aikin manya. Ya bi ya tuge turakunsa da hannunsa, yaran da suka taya shi kafawa suna kallo.

Ya koma gindin darbejiya ya ce, Baba, to gaya mini inda za a bi. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce shi abin da ya sani bai wuce tayar da ta fashe ta zo gabansa ba. Ya san inda ƙaya take, ya san ramin da ke karya sipok. Amma bai taɓa tura kurar ruwa ba, bai taɓa aika ɗiya talla ya zauna yana jiran dawowarta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hanyar nan ɗakuna gare ta da yawa.

Saboda haka Injiniya ya ɗauki hutu a wurin aiki ya shiga bin mutane inda suke. Bai sake kiran taro a zaure ba. Masu albasa ya same su a bakin rijiyoyinsu a fadama. 'Yan ga-ruwa ya tare su a famfo, suka nuna masa cewa kura mai jarka goma ba ta juyawa a ƙunci. Shugaban makaranta ya ba shi 'yan aji shida, ya ce kowa ya zana a ƙasa hanyar da yake bi daga gida, sai ga layuka sun taru a lungun nan na bayan makaranta, wanda babu shi sam a takardarsa.

Matan aure ba su fitowa taro, kuma su ne ke aika yara a kan hanyar safe da yamma. Ya roƙi yayarsa da malamar Islamiyyar matan su tambayo masa. Abin da suka kawo ya fi na kowa nauyi. Matan suka ce hannun gabas da ya zaɓa nan ne ruwa ke kwanciya duk damina, wata tsohuwa ta ce tun ambaliyar 2010, wadda ta ci garuruwa a ƙasar Goronyo, ƙasar wurin ta zauna ba ta sake tashi ba. Suka ce kuma in an yi gini miƙe babu ƙofa, yaran da ke tsallakawa ɗebo ruwa da tallar fura za su riƙa haurawa da kaya a ka, a bar musu mashiga daidai famfo da daidai masallaci. Shi da yake namiji mai aiki a birni, ko shekara ya yi yana awo ba zai gano wannan ba.

Ba kowa ya ba shi sauƙi ba. 'Yan kabu-kabu suka ce inuwar darbejiya tasu ce tun kafin a haife shi. Mai ƙosai ta ce a nan ta aurar da 'ya'ya uku, ba inda za ta. Direbobi suka ce su ba su ƙi ba, amma a nuna musu inda za su yi lodi in an rage musu kwalta. Masu shago a hannun yamma, da suka ji ana shirin dawo da abin ƙofarsu, suka ce ba su san zancen ba.

Da magana ta ƙi ƙarewa, Baba Mai Faci ya ce yana da tsofaffin tayoyin mota a bayan gida, masu faci na tasha ma suna da su. A jera su a ga. Taya in ba ta yi ba ana ɗagawa, bulo kuwa sai da guduma. Aka tattaro, yara suka shafa musu farar ƙasa, aka jera a hannun yamma. Wajen faɗi, Injiniya ya ajiye tef. Ya sa mutum ya turo keke da buhu a gicciye, wani ya gangaro da jarkoki, inda suka wuce juna ba su taɓa ba, nan aka ajiye taya.

Azumi ya kama ana cikin haka. Bayan tarawihi mutane kan fito su tsaya a kan tayoyin ana gardama, a matsa wannan, a janye waccan. Wata safiya aka tarar an kwashe guda biyar daga ƙofar wani shago an tara a gefe. Matasa suka ce a kai ƙara wurin mai unguwa. Injiniya ya ce a bari, ya je ya zauna a bencin mai shagon ya tambaye shi. Mutumin ya ce ranar kasuwa amalanke ke kawo masa buhunan gero, ta ina za ta shigo? Aka bar masa mashiga. Wakilin Sarkin kasuwa ya nemo wa direbobi wani fili a bayan rumfunan albasa, suka koma can da lodi, suna gunaguni sati na farko, daga baya suka ga ya fi musu sauƙin juyawa. Mai ƙosai da 'yan kabu-kabu ba wanda ya taɓa su, tunda abin ya koma ɗaya hannun. Daga makaranta kuma aka karkatar da shi ta lungu, aka bar rairayi da kwaltarsa.

Sallah ta zo ta wuce, ba a buɗe komai ba. 'Yan gari na nesa suka ga tsofaffin tayoyi a bakin hanya suka yi dariya. Alhaji bai ce uffan ba.

Bayan Sallah aka karɓi kuɗin, ya sayi abin da ya saya. Aka yi gayya, masu keke suka kawo yashi a kariya, 'yan ga-ruwa suka ba da ruwa kyauta, mahaifin yaron da ya karye ya wuni yana kwaɓa. Siminti ya ƙare daidai makaranta. Sauran aka cika tayoyi da ƙasa aka bar su a inda jama'a suka ajiye su. Abin da aka samu bai miƙe ba, ya yi faɗi a hawa, ya tsuke a kwance, ga mashigai nan da can. Amma tun safiyar farko aka ga masu albasa sun jeru a ciki suna turawa, yaran makaranta na bin bayansu, ba wanda ya ce musu su shiga. Da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, hannun gabas ya zama tafki har kwana biyu, daidai inda turaku suka tsaya da fari.

Ana nan, wani malamin makaranta daga wajen Goronyo ya zo kasuwa ya gani. Ya nemi Injiniya ya ce su ma motoci sun dame su, ko zai ba shi zanen su je su yi irinsa. Injiniya ya ɗauko sabuwar takardar, wadda ya zana bayan an gama gini, ya ba shi. Sa'an nan ya tambaye shi wace rana kasuwarsu ke ci, da me mutanensu suka fi ɗaukowa a keke, da ko akwai malamar da matan unguwar ke jin maganarta. Malamin ya ce akwai. Injiniya ya ce to ya fara tara tsofaffin tayoyi, ya kuma nemo masa aron keke mai kariya, ranar kasuwa zai zo tun Asuba.